Aikin da Ake Yi a Juye

Mai sassaƙa hatimi ba shi da babban shago. Ɗan teburi ne a bakin titi, kusa da sakatariyar ƙaramar hukuma ko ƙofar kotu, sai reza, sai guntun roba, sai katakon da zai liƙa robar a kai. Shugaban wata makarantar Islamiyya zai taso daga ƙauyen Ajingi ya zo Gaya, ya miƙa masa takarda mai ɗauke da sunan makaranta, ya ce, "Malam, zagayayye nake so, da tauraro a tsakiya." Shi kuwa sai ya zana haruffan a kan robar, kowanne ya juya baya, layin ya faro daga inda ya kamata ya ƙare, sannan ya shiga ƙwaƙule duk abin da ba harafi ba. Abin da ya bari shi zai sha tawada. Abin da ya cire shi zai fito fari. In reza ta zame ta yanke ƙafar harafi guda, babu gyara, sai dai a ɗauko sabuwar roba. Yau na'ura ta karɓe yawancin wannan aiki, amma har yanzu akwai masu hannun, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kansu ya ga tushen wata babbar fasaha da manyan gidajen tarihi na duniya ke keɓe wa ɗakuna, wato bugun zane.

Mai bugun zane ba ya zana hotonsa kai tsaye a kan takarda. Yana aikinsa ne a jikin wani abu dabam, katako ko roba ko ƙarfe ko dutse, abin da za mu iya kira uwa. Sai ya shafa wa uwar tawada, ya ɗora takarda, ya danna, ya ɗaga. Zai iya maimaitawa sau ashirin ko sau ɗari, kuma kowace takarda da ta fito aikin hannunsa ce ta asali. Mutane da yawa suna ɗaukar abin daidai da fotokwafi, kuma wannan rashin adalci ne ga masu sana'ar. Fotokwafi yana buƙatar hoton da aka riga aka gama. A nan kuwa babu wani hoto a ko'ina kafin a ɗaga takardar farko, domin uwar ba hoto ba ce, kayan aiki ce, baƙa, a juye, wani lokaci ma shi kansa mai ita ba ya iya karanta ta sosai. Duk ilmin sana'ar yana tattare a tambaya guda: a ina tawada za ta zauna? A kan tudu, ko a cikin rami, ko a shimfiɗe, ko kuwa ta ratsa ta wuce?

Ta tudu ita ce mafi tsufa, ita ce kuma ta mai hatimi. Littafi mafi daɗewa da aka buga wanda ke ɗauke da kwanan wata, an buga shi ne da katako a ƙasar Sin a shekarar 868. Naɗaɗɗiyar takarda ce ta addinin Buda, mai tsawon kusan mita 5, da hoto a farkonta, kuma tana ajiye a Landan. Tsaftar layukan hoton ta nuna cewa masu sassaƙar sun daɗe da ƙwarewa kafin wannan rana. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Musulmi ma sun yi irin wannan bugu tun da wuri. A Masar, tsakanin ƙarni na 10 da na 14, akwai masu buga layu a kan siraran takardu, da ayoyi da sunayen Allah, daga uwa guda da aka sassaƙa a juye. An tono ire-irensu a tsohon garin Fusɗaɗ da yankin Fayyum. Ka yi tunanin mutumin da zai sassaƙa rubutun Larabci ƙanana-ƙanana daga hagu zuwa dama, harafi yana haɗe da ɗan uwansa, ba tare da ya tsinke igiyar kalma ba.

A Turai, wanda ya kai sassaƙen katako matuƙa shi ne Albrecht Dürer, mutumin Nuremberg a Jamus. A 1515 aka kawo karkanda daga Indiya zuwa Lisbon, dabbar da Turawa suka yi ƙarnoni ba su gani ba. Dürer bai je ya gan ta ba. Wasiƙa da ɗan zanen wani ne suka iso masa, ya zauna ya fitar da dabba mai sulke a jiki, da wani ƙaramin ƙaho a doron wuya wanda Allah bai halitta mata ba. Aka sassaƙa, aka buga, aka yi ta sake bugawa har bayan mutuwarsa, kuma sama da shekara 200 Turawa suna ɗaukar wannan hoto a matsayin ainihin kamannin karkanda. Zanen fenti guda ɗaya da ke rataye a ɗakin wani basarake ba zai taɓa yin wannan tasiri ba.

Mutanen Japan kuwa launi suka ƙware a kai. A wurinsu aiki ne na tawaga: mai zane dabam, mai sassaƙa dabam, mai bugu dabam, sai mai kuɗin da ya haɗa su. Kowane launi da nasa katako, kuma a gefen kowane katako ana yanka ɗan kusurwa da za a jingina takardar, don ja ya faɗa daidai inda baƙi ya bar masa wuri. Ba su amfani da inji. Wani ɗan faifai ne da aka naɗe da ɓawon gora, shi mai bugu zai riƙe ya dinga murza bayan takardar da ƙarfin kafaɗarsa. Da haka aka buga shahararren hoton nan na Hokusai, na babbar igiyar ruwa da ke shirin rufe jiragen masunta, wajen 1831, kuma a lokacin talaka na iya sayensa.

Ba sai mun je Japan ba ma. Fataken Hausa da suka bi hanyar Gwanja neman goro har suka kafa zango a Kumasi sun san tufafin adinkira na Asante. A garin Ntonso, har yau, ana yanka guntun ƙwarya mai kauri a sassaƙa alama a jikinsa, a soka masa tsinkaye ya zama mariƙi, a tsoma a baƙin rini da aka dafa daga ɓawon itace, a dinga dangwalawa a kan yadi layi-layi. Ƙwarya dai irin wadda muke shukawa. Masu zanen ƙwarya na ƙasarmu, da dukawan da ke buga ado a fata da ƙarfe mai zane a baki, suna da hannun da wannan aiki ke nema. Abin da ba a yi ba kawai shi ne a shafa tawada a ɗora takarda.

Yanzu a juya lamarin. A ce tawada ba a kan tudu take ba, a cikin rami take. Wanda ke son ya ji wannan da yatsarsa ya samo sabuwar takardar naira 1000, ya shafa fuskokin Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, ko manyan haruffan da ke sama. Zai ji kaushi, tawadar ta ɗan taso. 'Yan kasuwa da yawa da wannan kaushi suke bambance ta gaske da jabu tun kafin su ɗaga ta sama su duba. Dalilin tasowar shi ne an tona zanen ne a jikin farantin ƙarfe, aka cika ramukan da tawada, aka goge saman tas, sannan aka matse takarda a kai da ƙarfi mai tsanani har ta nutsa cikin ramukan ta ɗebo tawadar.

Wannan dabara daga hannun maƙera ta fito, kuma ya kamata mutumin Gaya ya ji daɗin hakan, tunda tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da suka tashi daga Gaya neman tama, su ne suka fara zama a gindin Dala. Maƙeran zinariya da azurfa na Jamus ne, wajen shekarun 1430, suka fara buga zanen da suke tonawa a jikin ƙarfe a kan takarda. Kayan aikin ɗan ƙarfe ne mai kaifin baki da mariƙin katako da ke zama a tafin hannu. Ana tura shi gaba ne, ba a ja, yana tafiya yana fitar da siririn zaren jan ƙarfe a gabansa. In ana son layi ya lanƙwasa, ba hannun ake karkatarwa ba, farantin ake juyawa a kan ɗan matashin fata. Duhu da haske duk da layi ake yin su: a matsa layuka kusa da juna wuri ya yi duhu, a ware su ya yi haske, a gitta wasu a kan wasu inuwa ta yi zurfi. Dubi kumatun mutanen da ke jikin kuɗi da gilashin ƙara girma, za ka tarar babu fenti ko kaɗan, layi ne da ɗigo-ɗigo kawai. Faranti guda na iya cin watanni.

Daga baya aka samu hanya mai sauƙi ga hannu, ita ma daga maƙera. Masu yi wa sulke da takubba ado sun daɗe suna amfani da ruwan asid, kuma wani daga cikinsu, Daniel Hopfer na Augsburg, shi ake jingina wa fara buga takarda da farantin da asid ya ci, wajen 1500. Ana shafe farantin da kakin zuma da aka haɗa da kwalta da ƙaron itace, a bari ya bushe, sai a ɗauki allura a yi zane a kai. Allurar ba ta tona ƙarfen, kakin kawai take yayewa, don haka hannu na yawo a sake yadda yake yi da alƙalami. Sai a tsoma farantin a asid, ya ci wuraren da aka tone ya bar sauran. A nan gwaninta take komawa sanin lokaci. Minti kaɗan ya ba da siririn layi mai haske. In an daɗe, layin ya yi zurfi ya yi baƙi. Gwani zai ciro farantin, ya rufe wuraren da yake son su tsaya da haske, ya mayar, ya sake cirowa, har sau da yawa, ta yadda itacen da ke nesa zai fito a dushe, na kusa ya fito ƙato baƙi ƙirin.

Rembrandt na Holan, wanda ya rasu a 1669, ya bar irin wannan aiki kusan 300, kuma a ganina babu wanda ya kama ƙafarsa. Ba ya ɗaukar faranti a matsayin abin da aka gama. Zai buga kaɗan, ya duba, ya koma ya kankare wasu mutane daga hoton, ya ƙara duhu a wani gefe, ya sake bugawa. Har a wurin goge tawada yana da nasa salo: wani lokaci ya bar ɗan dusu-dusu a saman farantin, sai hoton rana ya koma na magariba, alhali layi ko ɗaya bai canja ba. Ga wanda bai taɓa gani ba, gogewar nan sai ta yi kama da aikin yaron shago. Amma da tsumma ake farawa, a ƙare da gefen tafin hannu, kuma in an matsa da yawa a kwashe tawadar ramuka, in an sassauta hoton ya yi dagwalo. Takardar ma sai an jiƙa ta tun da wuri ta yi laushi, a shimfiɗa mata bargo a baya, sannan a murza ta tsakanin manyan ƙarafa biyu.

Hanya ta uku ita ce ta fi ba da mamaki, ita ce kuma ta fi shiga rayuwarmu, ko da ba mu san sunanta ba. Babu tudu, babu rami, komai a shimfiɗe yake. Alois Senefelder, wani marubucin wasan kwaikwayo a birnin Munich da ke neman hanya mai araha ta buga rubuce-rubucensa, shi ya gano ta a 1796. Ana kiran ta litogirafi. Ana samo wani dutse mai santsi, irin na farar ƙasa da ake haƙowa a Solnhofen, a yi zane a kai da alli mai maiƙo. Sai a shafe dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa asid kaɗan. Ƙaron zai kama duk inda babu maiƙo, ya mai da wurin mai son ruwa. In an zo bugu, a jiƙa dutsen da soso, ruwa ya kwanta ko'ina ban da kan zanen. A birgima tawada mai mai a kai, ta guji inda ke da ruwa, ta manne a zanen kaɗai. Ƙiyayyar ruwa da mai ce ke yin aikin gaba ɗaya.

Ƙaron nan kuwa namu ne. Shi ne wanda ake tsinka a jikin ɗakwara a Jigawa da Yobe da Borno, wanda alarammomi ke jefawa a tawada don ta kama allo ta yi ƙyalli. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Nijeriya na biye. Ke nan a duk ɗakin da ake buga dutse, a Faris ne ko a New York, akwai kwalbar abin da ya fito daga dajin Sahel.

Malaman Musulunci sun rungumi litogirafi fiye da yadda suka rungumi haruffan dalma, kuma dalilin a bayyane yake. Haruffan dalma suna daddatsa rubutun Larabci su busar da shi. Dutse kuwa yana ɗaukar hannun marubuci yadda yake. Ba ma sai ya yi rubutu a juye ba, domin akwai wata takarda ta musamman da zai rubuta a kai da tawada mai maiƙo, a kifa ta a kan dutse, rubutun ya koma can. Da haka aka buga littattafai masu ɗimbin yawa a Indiya da Iran, kuma a 1864 aka kawo irin wannan inji Maroko daga Masar, inda birnin Fas ya shahara da bugun littattafai da rubutun Magaribi. Injin ofset na yau jikan wannan dutse ne: farantin ƙarfe ya maye gurbin dutse, hoton yana bi ta kan roba kafin ya sauka a takarda, amma har yanzu ruwa da mai ne ke faɗa a cikinsa. Da shi maɗaba'un Kano suka yi ta buga Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Ishiriniya da rubutun hannun marubutanmu, irin waɗanda ake sayarwa a Kurmi su bazu har tsangayun ƙauye. Da shi ne kuma Alƙur'anin da Sharu Bala Gabari ya rubuta da hannunsa ya shiga gidajen da bai taɓa takawa ba, da kaurin alƙalaminsa da jan wasalinsa.

Ta huɗu ba ta buƙatar dogon bayani, don kowa ya gan ta a jikin rigar 'yan ƙwallon unguwa da bajen makaranta da jakar rabon biki. Bugun sikirin ke nan. A ɗaure yadi mai ƙananan ƙofofi a jikin firam, a toshe ko'ina ban da inda ake son zane, a zuba tawada a ja ta da roba mai faɗi, ta zubo ƙasa kamar gari a rariya. Masu yin sa sun cika Fagge da Sabon Gari. Da wannan dabarar ta talakawa Andy Warhol ya buga hotunan Marilyn Monroe a 1962, waɗanda yau ake saye da miliyoyin daloli.

Babban gwanin bugun zane na Nijeriya a Zariya ya yi karatu. Bruce Onobrakpeya, ɗan ƙabilar Urhobo da aka haifa a Agbarha-Otor a 1932, ya shiga kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya a 1957, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 shi da abokansa, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Matsayarsu ita ce su koyi dabarun Turawa iya koyo, amma abin da za su zana ya fito daga ƙasarsu, daga tatsuniyoyinta da adon bangonta da tufafinta. Shi ne ya yi zane-zanen littafin Cyprian Ekwensi na 1962, An African Night's Entertainment, labarin da duk wanda ya karanta Jiki Magayi zai gane shi nan take. Tonon ƙarfe kuwa ya ƙara gogewa a kai a hannun wani gwani ɗan Holan, Ru van Rossem, a tarukan horaswa na Ibadan da Oshogbo a farkon shekarun 1960.

A 1967 asid ya ɓata masa faranti, ya ci shi fiye da kima har ya yi ramuka. Maimakon ya jefar, sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite, ya buga a haka don ya ga abin da zai fito. Gam ɗin da ya daskare ya bar tudu da kwari, takarda ta fito da zane mai tasowa wanda ido ke gani yatsa kuma ke ji. Daga nan ya gina wata sabuwar dabara tasa, yana zuba gam a faranti da gangan, ya sassaƙa shi, ya sa wani launi a rami wani a tudu, su fito tare a matsa guda. Ɓarnar faranti tana samun kowa. Abin da ya bambanta shi, shekara goma ya yi yana kallon yadda tawada ke zama, don haka da ya ga sabon abu ya gane shi. A shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka a kan fari da gurgusowar hamada a Sahel, kuma tun 1998 yake tara matasa a mahaifarsa duk shekara lokacin hunturu yana koyar da su.

Ina ganin wannan ce fasahar da ta fi dacewa da yaron Gaya ko Ajingi mai hannun zane amma babu kuɗin fenti da ƙyalle. Kayan farawa ba su fi ƙarfinsa ba: guntun roba mai laushi ko lino ko falankin katako mai santsi, da wuƙa mai kaifi, da ɗan gwangwanin tawadar maɗaba'a, da gilashin da zai baje ta a kai, da ƙaramar rola, sai cokali da zai murza bayan takarda da shi. Ya tuna cewa hannun da ke riƙe uwar a bayan wuƙa yake zama, ba a gabanta ba. In ya gama bugu, al'adar masu sana'ar ita ce ya ɗauki fensir ya sa hannu a ƙasan kowace takarda, ya rubuta lambarta, misali 7/30, wato ta bakwai cikin talatin. Wannan alkawari ne tsakaninsa da mai saye cewa ba zai ƙara buga wata ba, kuma masu riƙon amana sukan ja wa uwar layi su kashe ta bayan ta ƙarshe.

In hannunsa ya faɗa, yana son launi amma ba shi da uwa uku ko huɗu, akwai dabarar da Picasso ya shahara da ita tun daga 1959, ta uwa guda. Zai fara cire wuraren da za su zauna fari kaɗai, ya buga launi mafi haske, a ce rawaya, a kan dukkan takardunsa. Sai ya wanke uwar, ya sake yanke wuraren da yake son su zauna rawaya, ya buga ja a kai. Ya sake yankewa, ya buga shuɗi, har ya ƙare da baƙi, lokacin da abin da ya rage a uwar bai wuce 'yan layuka ba. Kowane yanka yana rushe matakin da ya gabace shi, saboda haka dole ya san yawan da yake so tun ranar farko, ya kuma yi wa kowace takarda alamar inda za ta zauna don launuka su hau juna daidai. Wasu za su goce, wasu tawada ta yi musu yawa. Mai son ya ƙare da ashirin masu kyau, ya fara da talatin.